Daɗin Zama a Bakin Kogin Kontagora

Ran nan aka raba mana takardu a aji, aka ce kowa ya rubuta inda yake so a tura shi koyarwa in ya gama. Nan da nan alƙaluma suka kama aiki. Wannan ya rubuta Minna, wancan Suleja, wani ma ya tambaya ko ana iya rubuta Abuja. Ni kuwa na rubuta sunan ƙauyenmu, wanda ke bakin kogi, tafiyar kamar sa'a guda a keke daga Kontagora. Abokaina suka yi ta dariya, suka ce, "Kai, me ka ajiye a can in ba kwaɗi da sauro ba?" A lokacin ban ba su amsa ba, gama maganar tana da tsawo. To, ga amsar yau.

Da fari dai, ba ni ne na fara ganin kyan wurin nan ba. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa garin Kontagora a 1864. Tsofaffi sun ce sa'ad da ya iso bakin ruwan nan sai ya ce wa mutanensa su kwantar da gora, wato tafiya ta ƙare, daga nan sunan ya fito. In mayaƙi irin wannan ya ga wurin ya isa a sauke kaya, ni wane ne da zan raina shi?

Kogin namu ba babba ba ne. Da damina yakan cika ya yi ja, ya ɗauko itatuwa yana ruri, har uwaye su hana yara matsawa kusa. Da rani kuwa sai ya janye, ya bar yashi fari da gurabun ruwa nan da can. A lokacin nan ne na fi son shi. Da asuba, in hunturu ya sauko, hazo yakan kwanta bisa ruwan kamar an shimfiɗa auduga. Mata su zo da tuluna da jarkoki, su tona yashi kaɗan, su jira ruwa ya taru garau kāna su ɗiba. Can gaba Fulani suna shayar da shanu, belbelu na biye da su. A fadama kuma masu lambu sun riga kowa fita, suna ban ruwa ga albasa da tumatir da barkono.

Kawuna yana da lambu a nan, yana kuma jefa ƙugiya. Manyan kifi irin su giwan ruwa daga wajen Yawuri da tafkin Kainji ake kawo su kasuwa, tafkin da ya samu sa'ad da aka gama madatsar ruwa a 1968. Namu sai tarwaɗa da karfasa. Amma wanda bai taɓa cin tarwaɗar da aka gasa nan take a bakin ruwa ba, da ɗan gishiri da yaji, bai san abin da nake faɗi ba. Kawu ba mai yawan magana ba ne. Mukan zauna ƙarƙashin mangwaro tun la'asar har rana ta faɗi, wani lokaci abin da zai ce duka bai wuce, "Malam ƙarami, miƙo mini goran nan" ba. A wurinsa na koyi cewa mutum biyu suna iya yin hira ba tare da sun buɗe baki ba.

Sa'ad da nake makarantar mishan, malaminmu na labarin ƙasa yakan rataya taswira, ya nuna mana kogin Nilu da Kwara da Binuwai, mu haddace. Ban taɓa zaton ruwan da nake wanka a ciki yana da alaƙa da darasin ba. Sai bara, da aka tura ni gwajin koyarwa a firamaren ƙauyenmu, na roƙi hedimasta ya bar ni in kai 'yan aji biyar bakin kogi. Muka jefa kara a ruwa, muka bi shi da ido. Na ce musu ruwan nan zai gangara ya faɗa Kwara, Kwara kuma ta kai shi teku. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe kogin namu ma yana cikin littafi?" Tun ran nan na san inda nake so in yi aiki.

Ba zan ɓoye muku ba, jama'a, zaman ba kamar dā yake ba. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da yawa a ƙasar Kontagora, mutane sun bar gonakinsu sun koma cikin gari. Mu ma akwai daren da muka kwana ba barci, muna sauraron kowane kukan babur. Mahaifiyata da kanta ta ce mini, "Ɗana, in ka samu birni ka tafi, ba zan yi fushi ba." Maganar nan ta fi dariyar abokaina nauyi, na kwana uku ina juya ta.

Amma na duba, na ga in kowane malami ya gudu, makaranta za ta rufe, in makaranta ta rufe kuwa, iyaye za su kwashe 'ya'yansu, lambu ya bushe, ƙauye ya zama kufai. Abubuwan nan da na lissafa, hazon safiya, da kifin gashi, da shirun kawu, ba a sayensu da ko kwabo, amma ba su tsayawa inda babu mutane. Yanzu na gane abin da Hausawa ke nufi da suka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Saboda haka ban canja abin da na rubuta ba. Wanda Allah ya kai shi Minna ko Suleja, ina yi masa fatan alheri. In an yi hutu ku zo, kawu zai jefa muku ƙugiya. Ni dai nan zan kwantar da gorana. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.