Zafin da Allurar Mota Ba Ta Faɗa

Jama'a, na gano wani abu a ƙarƙashin bonet ɗin motata, kuma wallahi na kasa yin shiru! Ashe zafi iri biyu ne a ɗakin inji. Akwai zafin ruwa, wanda allurar da ke gaban direba take nunawa. Akwai kuma zafin salansa, wanda yake gasa kafireto da tiyon mai da wayoyi, allura tana zaune a tsakiya kamar ba abin da ke faruwa. Duk mai tsohuwar mota ya kamata ya san wannan.

Motata Peugeot 504 ce, Fijon da kowa ya sani, irin wadda kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya riƙa harhaɗawa tun daga 1975. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, ta kuma lashe gasar Safari a Kenya a 1975. Injinta mai silinda huɗu ne, kusan lita biyu, an kishingiɗar da shi digiri 45, manifol ɗin salansa kuwa yana maƙale ta ƙasan ɓangaren da ya kwanta, a wani lungu da iska ba ta cika shiga ba.

Manifol ɗin asali na ƙarfen zubi ne, mai kauri da nauyi. Nawa ya tsufa ya tsage, kullum da safe sai ka ji yana tas-tas-tas har sai ƙarfen ya ɗau zafi ya rufe tsagar. Maimakon in nemo wani tsohon, sai na sa wani gwanin walda ya lanƙwasa min na bututu: huɗu su fito daga kan inji, su haɗe su zama biyu, biyun su zama ɗaya. Hikimar tana cikin yadda ake haɗa su. Silinda suna tashi ne a jere 1-3-4-2, don haka ake aurar da bututun na 1 da na 4, na 2 da na 3, yadda hayaƙin wannan ba zai yi karo da na wancan ba. Kowane hayaƙi da ya fita da gudu yana barin ɗan zuƙo a bayansa, zuƙon nan ne yake janye ragowar hayaƙin silinda ta gaba, sabon mai da iska su sami wurin shiga.

Kai! Ranar da na fara hawa titi da ita, ji na yi kamar an sauke mata kaya. Ta saki jiki, tana amsa totur tun kafin in gama takawa, muryarta ta yi kauri mai daɗin ji.

Sai wani sabon hali ya ɓullo. Da sanyin safiya kik ɗaya take tashi. Amma in na yi tafiya da rana na tsaya yin sallar azahar, ina dawowa sai ta yi ta juyawa ta ƙi kamawa, ga warin fetur. A cunkoso kuma sai ta riƙa shaƙewa. Lagireto cike da ruwa, fanbel lafiya, allura ba ta motsa ba.

Wani dattijon bakanike, wanda ya tsufa a kan Fijo, shi ya warware min. Ya ce in zaga da ita ta yi zafi sosai, in dawo in kashe. Ya ɗauko 'yar na'urar auna zafi mai kama da bindiga, ya haska tiyon lagireto: bai kai digiri 90 ba. Ya haska bututun salansa: ya haura 300! Sannan ya ce, “Alhaji, kawo kunnenka nan.” Na sunkuya kusa da kafireto, sai na ji wani siririn sauti, ɓul-ɓul-ɓul. Na ce, “Baba, mene ne wannan?” Ya ce, “Manka ne yake tafasa.”

Fetur yana tafasa a cikin kafireto, mota a kashe! Tsigar jikina ta tashi, domin nan take komai ya haɗu a kaina. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji yake ƙonawa ta salansa yake fita, kuma hayaƙin yakan kai digiri 700 zuwa 800 idan mota tana jan kaya. Bututu huɗu marasa kauri sun fi dunƙulallen ƙarfen zubi faɗin jiki nesa ba kusa ba, saboda haka sun fi shi watsa zafi cikin ɗakin inji. Shi kuwa fetur gauraye ne, mafi sauƙin cikinsa yakan fara zama tururi tun wajen digiri 40. Da zarar ka kashe mota, fanka ta tsaya, famfon ruwa ya tsaya, iskar hanya ta ɗauke, zafi ya taso ya taru a ƙarƙashin bonet. Man da ke kafireto ya tafasa ya malala cikin inji ya jiƙa fulogi, wanda ke cikin tiyo ya zama tururi, famfon mai kuwa ruwa yake iya turawa, ba ya iya tura tururi.

Maganin shi ne ya fi ba ni mamaki saboda arharsa. Dattijon ya yanko fallen alminiyam, ya lanƙwasa shi ya bi siffar bututun, ya ɗaure shi da ƙafafu yadda ya bar tazarar kamar kaurin yatsa tsakaninsa da ƙarfen. Ya ce sirrin yana cikin tazarar: fallen yana mayar da zafi baya, iskar da ke ratsa tsakani tana kwashe shi. In ka manna shi a jikin bututu, ka ɓata aikin. Ya sa wani faifai mai kauri da ba ya ɗaukar zafi a ƙarƙashin kafireto, ya canja wa tiyon mai hanya, ya nisanta wayoyi.

Bai tsaya nan ba. Ya duba taimin, domin idan wuta tana makara, mai yakan ƙarasa ci a cikin manifol har bututu ya yi jawur. Haka ma idan man da kafireto yake bayarwa ya yi kaɗan, inji yakan ƙara zafi. Ya gwada fankar, wadda a Fijo da yawa maganaɗisu ne yake kama ta idan ruwa ya yi zafi, ya tabbatar tana kamawa. Ya kuma ce kada in yarda kowa ya cire min tamostat da sunan maganin zafi.

Na tambaye shi game da ƙyallen nan mai jure wuta da ake naɗe bututu da shi. Ya ce yana rage zafi ƙwarai, amma yana riƙe danshi ya sa tsatsa, yana gasa ƙarfen har ya tsage, in kuma baƙin mai ya ɗiga ya jiƙa shi, gobara ce take jira. Wanda yake da hali ya fi kyau ya yi bututun da ƙarfen da ba ya tsatsa, ko ya sa a shafe shi ciki da waje da shafin siramik.

Yanzu ko da tsakar ranar watan Afrilu ne, in na kashe ta na dawo, kik ɗaya ne! Ƙarfin sabon manifol yana nan, wahalar ta tafi.

Don Allah, in kana da tsohuwar mota mai kafireto, Fijo ce ko Datsun ko Marsandi, kuma tana ƙin tashi da zafi, kada ka yi saurin sayen kwil ko batir. Buɗe bonet bayan tafiya, ka bi hanyar da tiyon mai ya bi, ka ga me ke kusa da salansa. In kuma za ka canja manifol, ka sa fallen kariya cikin lissafin kuɗin aikin tun ranar farko.