Kafin ƙanenka ya sayi fom

Minna,
Jihar Neja.

Aminina,

Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara da sauran mutanen gida. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ƙurar aikin titi. Tun da Gwamna Bago ya hau ake ta farfasa hanyoyin garin nan, har in za ka tashi daga Kpakungu zuwa Bosso sai ka fara tambayar mai keke wace hanya ce a buɗe yau.

Saƙonka ya iso, na ga kuma maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Ka ce ƙanenka ya ɗaura ɗamarar neman kujerar majalisar wakilai, mai ci ya yi zango huɗu yana neman na biyar, ga kuma wasu mutum shida ko bakwai da suka cika gari da fosta. Ka ƙara da cewa yawan masu neman ne ya ba ku ƙwarin gwiwa, wai alama ce jama'a sun gaji da mutumin. To, tun daga nan zan saɓa maka. Jama'a na iya gajiya, ban musa ba. Amma yawan 'yan takara ba mai ci yake cuta ba, ku yake cuta. Ka ɗauka deliget ɗari ne. Mai ci yana da talatin da biyar da ba su motsi, don shi ya kai wasunsu Makka, shi ya samo wa 'ya'yan wasu aiki. Saura sittin da biyar ɗin da suka gaji da shi sai su watsu a kan mutum bakwai. A zaɓen fidda gwani ba a zagaye na biyu, wanda ya fi yawa shi ya ci. Kuma kada ka rantse cewa duk bakwai ɗin nan da kuɗinsu za su sayi fom. Akwai wanda mai ci ne zai saya masa, musamman in daga ƙaramar hukumar ƙanenka ya fito, don kawai ya raba muku ƙuri'a.

Bari in ba ka labarin da ya faru a gabanmu, a mazaɓar sanatan Neja ta Gabas, wadda muke kira Zon B. Ƙananan hukumomi tara ne: Chanchaga da Bosso da Paikoro da Shiroro da Munya da Rafi da Gurara da Tafa da Suleja. Wanda ke kan kujerar a 2018 shi ne Barista David Umaru. Kada ka raina shi, don tun 2007 yake fagen daga, lokacin da ya nemi gwamna a ANPP. Shi ne kuma ya kayar da Talba, gwamna mai ci, a zaɓen sanata na 2015, abin da mutanen Minna ba su manta ba har yau. Irin wannan mutum ne Muhammad Sani Musa, wanda kowa ya sani da 313, ya fito ya ce zai ja da shi a APC.

Aka yi zaɓen fidda gwani a farkon Oktoban 2018. Mutanen 313 suka yi ta murna sun ci. Da uwar jam'iyya a Abuja ta tashi miƙa sunaye ga hukumar zaɓe, sai ga sunan David Umaru. A wurin mai shayinmu na Tunga ranar nan har da masu cewa magana ta ƙare, wa ya isa ya ja da uwar jam'iyya? Shi kuwa 313 bai tara yara su ƙona taya ba, bai kuma fice daga jam'iyya cikin fushi ba. Ya kwashi takardunsa ya nufi Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ita kuma a Fabrairun 2019 ta ce shi ne ɗan takara. Aka yi babban zaɓe, APC ta ci kujerar, amma rigimar wane ne mai ita ba ta mutu ba. A watan Afrilu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin farko. Ba cewa ta yi bai ci zaɓen fidda gwani ba. Cewa ta yi ya makara wajen shigar da ƙara. Sai ranar 14 ga Yunin 2019, kwana uku da ƙaddamar da majalisa ta tara, Kotun Ƙoli ta mayar masa da kujerarsa. Ga shi an sake zaɓensa a 2023, har ya zama shugaban kwamitin kuɗi na majalisar dattawa.

Wannan maganar makara ita nake so ka sa ƙanenka ya haddace. Sashe na 285 na kundin tsarin mulki, bayan gyaran da aka yi masa gab da zaɓen 2019, ya ce duk ƙarar da ta shafi abin da ya faru kafin zaɓe dole a shigar da ita cikin kwana 14 da faruwar abin. Kwana 14 kacal. Kotun farko tana da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Yanzu ka duba yadda ake yi wa yaranmu. An murɗe maka zaɓe, sai dattawan jam'iyya su kira ka su ce ka yi haƙuri, an kafa kwamitin sulhu, gwamna zai gan ka in ya dawo daga Umara. Kana zaryar gidajen manya, ana ba ka shayi da alkawari, kwana sha huɗu na tafiya. Ranar da ka farga, ko gaskiyarka ta kai girman dutsen Zuma, kotu ba za ta ko buɗe fayil ɗinka ba. Ya je sulhu, ban hana ba, girmama manya ne. Amma lauyansa ya riga shi zuwa kotu.

Kuma ba kowane lauya ba. Ka tuna Bashir Machina na Yobe ta Arewa. Ahmad Lawan tun 1999 yake majalisar tarayya, shekara takwas a ta wakilai, sannan ta dattawa tun 2007, har ya shugabance ta. A watan Mayun 2022 hankalinsa na kan takarar shugaban ƙasa, Machina ya ci zaɓen fidda gwanin sanata. Da Tinubu ya ɗauke tikitin shugaban ƙasa, jam'iyya ta miƙa sunan Lawan a matsayin ɗan takarar sanata. Machina ya ci a Babbar Kotun Tarayya ta Damaturu, ya ci a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ranar 6 ga Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli ta kayar da shi, alƙalai uku suka rinjayi biyu. Dalilin kuwa shi ne ya shigar da ƙararsa ta hanyar da ake yanke hukunci da takardu kawai, alhali tunda akwai zargin zamba a ciki, masu rinjaye suka ce kamata ya yi ya bi hanyar da ake kiran shaidu. Ni dai har gobe ina tare da alƙalai biyun nan, amma ra'ayina bai kai Machina majalisa ba.

Ka tambaye ni wanne ya fi wa sabon shiga sauƙi, ƙato-bayan-ƙato ko deliget. A baki ƙato-bayan-ƙato ya fi, don ba mai iya sayen dubban mutane ɗaya bayan ɗaya. Amma layin da aka yi a gunduma daban, lambar da aka rubuta a takarda daban, in ba ku da ejan mai taurin kai da zai tsaya sai an ba shi kwafin sakamako da sa hannu. Na deliget kuwa mun gan shi tsirara a 2022. Dokar zaɓen da Buhari ya sa wa hannu a Fabrairun shekarar ta bar kansiloli da ciyamomi da 'yan majalisa da sauran masu kujerar dindindin a waje, sai wakilan da aka zaɓa daga gundumomi kawai. 'Yan majalisa suka farga sun yanka wa kansu wuya, suka yi gyaran gaggawa a watan Mayu, Buhari bai sa hannu ba. Sai ƙarfi ya koma hannun mai rubuta sunayen deliget, kai ma ka san ko wane ne a kowace jiha.

Wani maƙwabcina ya samu shiga wannan jerin. Mutum ne mai faci a bakin titi, wanda da sai ka gaishe shi sau biyu kafin wani ya kula da shi. Mako guda gidansa ya koma kamar gidan hakimi, motoci masu baƙin gilashi na layi har lungu ya toshe. Ana gobe zaɓe aka zo da bas aka kwashe su zuwa wani otal, aka karɓe wayoyinsu a ƙofa. Matarsa ta aiko yaro wajena da daddare wai ko na ji ɗuriyarsa. Ya dawo da sabuwar shadda da hula zanna, ya ce mini duk wanda ya zo ya karɓi nasa, ya kuma yi wa kowa alkawari, amma a cikin zaure wanda aka ce su yi shi suka yi. Na ce wa ya ce? Ya yi dariya ya nuna sama da yatsa, kuma ba Allah yake nufi ba.

A zaɓen fidda gwanin 2022 ɗin ne Aliyu Sabi Abdullahi, sanatan Neja ta Arewa mai zango biyu, mataimakin mai tsawatarwa na majalisar dattawa, ya rasa tikiti a hannun Gwamna Abubakar Sani Bello. Ka ga mai ci ma yana faɗuwa, amma duba wanda ya kayar da shi. Saboda haka tambayar farko da ƙanenka zai amsa ita ce ina gidan gwamnati ya karkata. In gwamna na tare da mai ci, ya san dutse zai hau. Shi Sabi bai yi asara ba, minista aka ba shi a 2023.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda kai da ke Kano ka fi ni saninta. Kawu Sumaila ya ja da Kabiru Gaya a zaɓen fidda gwanin APC na 2018 bai samu ba. A 2022 ya koma NNPP, a 2023 ya kayar da Gayan a babban zaɓe, bayan shekara sha shida yana sanatan Kano ta Kudu. Haka mu ma a nan, Nuhu Aliyu ya yi zango uku yana wakiltar Neja ta Arewa tun 1999, kuma ba a cikin PDP aka karɓe kujerar ba, guguwar CPC ce ta 2011 ta tafi da ita. Sau da yawa daɗaɗɗen ɗan majalisa ya fi sauƙin kayarwa a akwatin jama'a fiye da a zauren jam'iyya, don jam'iyyar a mazaɓarsa shi ya gina ta, shi ke biyan hayar ofis. Sai dai Kawu ya yi shekara sha biyu a majalisar wakilai kafin nan, ga kuma jar hula a bayansa. Ƙanenka ya duba me ke bayansa shi.

Na san yaran da ke zuga shi suna kawo misalin yarinyar nan ta Amurka, Alexandria Ocasio-Cortez, da ta kayar da Joe Crowley a Yunin 2018 tana da shekara 28, shi kuwa ya yi zango goma. Gaskiya ne. Amma su biyu ne rak a takarar, kuma babu wanda ya canza suna a hanyar kai sakamako.

Wani abu kuma da ba za ka so ji ba. Daɗewa a majalisa ba laifi ba ne a karan kansa. Tsohon ɗan majalisa shi ke samun shugabancin kwamiti mai tsoka, shi ya san ƙofar da ake bi a cusa aiki a kasafin kuɗi. Bago zango uku ya yi yana wakiltar Chanchaga tun 2011, har ya nemi kakakin majalisa a 2019 ya kara da Gbajabiamila. Deliget sun san wannan lissafin sarai, kuma za su tambayi ƙanenka me zai kawo da sabon shiga zai iya. In amsarsa ita ce "canji muke so" da "lokacin matasa ne", wallahi bai fara ba. Ya ɗauko ayyukan mazaɓa da aka sa a kasafi shekara da shekaru, ya je ya ga wanne aka yi, wanne allo kawai aka kafa. Ya yi magana a kan wannan, ya bar zagin mutum, don dattijon da ya zaga yau gobe zai nemi ƙuri'ar mutanensa.

Batun kuɗi ba sai na ja ba. A 2022 fom ɗin majalisar wakilai a APC naira miliyan goma ne, a PDP miliyan biyu da rabi, kuma fom shi ne mafi arha a cikin hidimar. Kada ka bari ya sayar da gonar gado ko gidan da Inna ke ciki. Dokar zaɓe kuma kusan kowane zango sai an taɓa ta, don haka lauyansa ya karanta wadda ke aiki ranar da za a sayi fom, ba wadda aka yi amfani da ita a zaɓen baya ba.

Shawarata ita ce, kafin ya biya ko sisi, ku nemi sauran masu neman nan ku zauna, a gidan wani dattijo da kowa ke jin kunyarsa. A fitar da mutum ɗaya, ko biyu in ta ƙi. In aka tsayar da ƙanenka, bismillah, ni ma zan zo in taya ku yawon gundumomi. In wani aka tsayar, ya mara masa baya, ya nemi majalisar jiha, yaro ne, lokaci na gabansa. In kuwa kowa ya ce sai shi, to ka riƙe masa kuɗinsa.

Ka turo mini shi Minna ya kwana biyu, akwai waɗanda suka ga shari'ar 2019 tun daga farkonta da nake so ya zauna da su. Ya biyo ta Suleja da sassafe, kada ya yi dare a hanya. Zan ba shi doyar Paiko ya kawo wa Hajiya. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ina nan tafe dubiya bayan salla in Allah ya kai mu.

Wassalam.

Naka,
amininka na Minna.