Zare: fuskokin dodannin Bambara ba kayan ado ba ne

1/ Jama'a, akwai wani gunkin katako mai siffar gwanki da dogayen ƙahoni da ake yawan jingina wa a falon otel da shagunan 'yan yawon buɗe ido. Sunansa Ciwara, na Bambara ne na ƙasar Mali. Ni dai duk lokacin da na ga an mayar da shi kayan ado sai raina ya sosu. Ku biyo ni.

2/ Bambara, ko Bamana kamar yadda suke kiran kansu, sun fi yawa a yankunan Segu, Bamako da Kulikoro. A gargajiyarsu namiji yana ratsa ƙungiyoyin horo da suke kira jo, kowace da fuskar dodonta da aikinta: Ntomo, Komo, Nama, Kono, Ciwara, Kore. Kusan makaranta ce mai aji-aji.

3/ Ntomo na yara maza ne da ba a yi wa kaciya ba. Fuskar tana da ƙahoni a jere kamar matajin kai, wani lokaci a lulluɓe ta da wuri. Bakin kuwa ɗan mitsitsi ne, da gangan: darasin farko shi ne yaro ya iya riƙe harshensa. Har bulala suke tsula wa juna ba a yarda a yi kuka ba. Wanda ya taɓa kallon sharo ya gane.

4/ Ciwara ce ta fi burge ni. Ci noma ne, wara kuma naman daji. A labarinsu wata halitta ce, rabi mutum rabi dabba, da ta koya wa mutane noma. Da hatsi ya yi yawa suka fara almubazzaranci, sai ta yi fushi ta binne kanta a ƙasa. Shi ne suka sassaƙa siffarta don tunawa.

5/ Ba a fuska ake sa ta ba ma. A kan wata 'yar hular saƙa ake ɗaure ta, mai rawa ya lulluɓe jikinsa da zaren tsiro, ya duƙa da sanduna biyu kamar ƙafafun gaba. Biyu suke fitowa, namiji da mace mai goyon ɗa. Samari na noma, mata na waƙa, ana zuga gwanin fartanya. Kamar gayya da kiɗan manoma a wurinmu. Har yau a Mali in mutum ya yi ƙwazo a aiki, ciwara ake ce masa.

6/ To, Komo fa ba wasa. Maƙera ne ke riƙe da ita. Dogon baki a wangame, ƙahoni, ƙayar beguwa, gashin tsuntsaye, sannan jinin yanka da gero da taunannen goro da ake ta shafa mata shekara da shekaru har su yi ɓawo. A wurinsu wannan ɓawon ne ke tara ƙarfin da suke kira nyama.

7/ Da dare take fita, da muryar da aka sauya, ta tona asirin mayu, ta yanke hukunci. Mata da duk wanda bai shiga ƙungiyar ba haramun ne su gan ta. Ku riƙe wannan.

8/ Kore ita ce matakin ƙarshe, duk shekara 7 ake shigar da sababbi. Akwai fuskar kura, ta biri, ta zaki. Sai Koredugaw, wawayen ƙungiyar, masu yawo da tsummoki a kan dokin kara suna yi wa kowa shaƙiyanci har da masu mulki, su kuma sasanta rigima. A 2011 UNESCO ta sa su cikin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa.

9/ Na san wani zai ce ai tsafi ne, ina ruwanmu. Ruwanmu kam akwai, ko a tarihi. Alhaji Umar Tal, wanda ya ci Segu da yaƙi a 1861, ya zauna shekaru a Sakkwato, surukin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne. Yau akasarin Bambara Musulmi ne, ƙungiyoyin nan sun ja baya sosai, a wasu garuruwan Ciwara ta koma rawar biki. Wannan zaɓin mutanen ne, ban da ta cewa.

10/ Abin da ba zaɓinsu ba shi ne na 1931. Tawagar Marcel Griaule ta Faransa, mai ratsawa daga Dakar zuwa Jibuti, ta shiga ƙauyen Kemeni ta kwashe kayan ƙungiyar Kono da barazanar kiran 'yan sanda. Ba ƙage ba ne, sakataren tawagar Michel Leiris da hannunsa ya rubuta, aka buga a 1934.

11/ Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa Macron a 2018 ya ce kayan Afirka kudu da Sahara kusan 90,000 ne a gidajen tarihin Faransa, wajen 70,000 a Quai Branly kaɗai. Kuma Mali na cikin ƙasashen da aka fi kwashe wa.

12/ Ku koma lamba 7. Fuskar da matar maƙeri ba ta isa ta kalla ba a garinsu, yau tana cikin gilashi a Faris da New York, kowa ya biya kuɗin shiga ya ɗauki hoto. Ni ina ganin a mayar musu da kayansu. Su sa a gidan tarihi na Bamako, su ba dattawan ƙauyen, ko su rufe a ɗaki, Maliyawa ne za su yanke, ba mai gadin gilashi a Faris ba.