Daga Tiga Zuwa Riruwai: Kakar Wasan Da Ba Ta Da Rumbu

Da Bahaushe ya tashi raɗa wa zangon wasanni suna, bai yi nisa ba, sai ya leƙa gona ya ce "kakar wasa". Ya kuwa dace, domin a ƙasarmu wasa ɗan kaka ne. Sai an yi girbi, ciki ya ɗauka, aljihu ya yi nauyi, sannan kalangu ke kiran 'yan dambe, samari kuma su kafa turakun raga a gonar da aka kwashe. Mai son ganin haka da idonsa, ya bi hanyar kudancin Kano tsakanin Nuwamba da Janairu.

Zangon farko ƙasar Bebeji ce, inda madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ya sauya lissafin shekara. Noman rani ya sa gonar da a da take hutawa, ta zama filin ƙwallo, yanzu tumatir da albasa ne a cikinta. Alheri ne babu shakka, sai dai wasa ya koma ɗan rakuɓe a filin makarantar firamare, tsakanin la'asar da magariba.

Gaba kaɗan sai Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru, inda hanyar Jos ke rabuwa da ta Zariya. A nan gidan kallon ƙwallo ne ke da kasuwa. Yaron da bai taɓa wuce Kaduna ba zai zayyana maka jadawalin Arsenal da Barcelona kamar karatun allo. Tambaye shi wace ƙungiya ce ta zo ta ɗaya a ƙaramar hukumarsu bara, sai ka ji musu ya kaure, domin babu inda aka rubuta.

A Tudun Wada, garin shinkafa, kaka na zuwa da kuɗi, kuɗi kuwa na jawo 'yan dambe. Idan ana neman ƙwararrun 'yan wasa na asali a ƙasar Hausa, to su ne: hannunsu ne jarinsu, suna bin kaka gari-gari, wannan ɗan Kudu, wancan ɗan Arewa, ga Guramada. Amma ƙwarewa ce mara takarda. Ranar da hannu ya karye, ranar kakar mutum ta ƙare, wani lokaci har da sana'ar baki ɗaya.

Daga nan hanya ta ratsa dajin Falgore, ta fara hawa zuwa Doguwa da duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Sanyin hunturun wannan yanki ya sha bamban da na birni. Da hantsi akan ga yara da sanduna masu lanƙwasa suna korar ƙwallo a kan fako, kakan abin da littattafan makaranta ke kira ƙwallon gora.

Wannan wasan yara shi ne wata ƙasa mai tsananin sanyi ta mayar babbar sana'a. A Kanada hunturu ne kakarsu: tafki ya daskare, yara su hau ƙanƙara da sanduna. A 1875 aka fara buga shi bisa tsari a cikin zaure a birnin Montreal, a 1917 kuma aka kafa gasar NHL, wadda yau ke da ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka. Kowace ƙungiya takan buga wasa sama da 80 daga Oktoba zuwa Afrilu, sannan a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale na kofin Stanley, wanda Montreal Canadiens ta ɗauka sau 24. Sirrin ba a ƙanƙarar yake ba. Tsani suka kafa daga tafkin ƙauye zuwa gasar matasa, daga nan zuwa ta ƙwararru, kuma kowace ƙwallo da yaro ya ci tana rubuce, mai neman ɗan wasa ya duba.

Mu ma muna da kan tsanin. Kano Pillars, Sai Masu Gida, da aka kafa a 1990, ta ci gasar Nijeriya sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. Ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023. Kowace kaka idan ta yi tsami, sai a ɗora wa koci laifi, a bazama sayen 'yan wasa. Ba safai ake tambayar ina matakalan ƙasa suke ba. Tsakanin yaron Riruwai da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ba tsawon hanya ne matsalar ba. Babu wanda ya san yana nan.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Ƙananan hukumomin nan huɗu na iya haɗa gasa ɗaya mai tsayayyen jadawali, daga ƙarshen girbi zuwa kafin saukar damina. Hakimai da dagatai su keɓe fili a kowace gunduma, a yi masa shaida don kada a yanka shi filoti. A ajiye littafin sakamako, a tanadi ma'aikacin jinya a bakin fili, na ƙwallo da na dambe. Pillars kuma ta turo masu sa ido ranar wasan ƙarshe.

Manomin Doguwa ya san ba a cinye masara duka a kaka, sai an zuba a rumbu, an ware iri. Shekara da shekaru kudancin Kano na noma 'yan wasa, iskar hunturu tana kwashe su. Abin da ya rage shi ne a gina musu rumbu.