Ɓawon Albasa Ya Kai Ni Folan

Wallahi da farko na ɗauka zafin Tamale ne ya taɓa ta. Saura kwana uku Ista, wata tsohuwar Baturiya ta tsaya gaban teburina a kasuwar Aboabo, wai ba albasa take so ba, ɓawon take so. Ɓawon da nake sharewa kullum in zubar! Na cika mata leda, na ƙi karɓar ko kwabo. Ta ce, "To 'yata, ki zo gida ki ga aikinsa."

Ai ko na je. Ashe 'yar Folan ce, mijinta ɗan Gana ne da ya yi karatun likita can ya dawo da ita. Ta tafasa ɓawon, ta zuba ƙwan zabi a ciki, sai ga su sun fito jawur kamar an ƙunsa musu lalle! Jikarta ta ɗauki allura tana kankare furanni a jikinsu. Pisanki suke ce musu. Mama, wato tsohuwar, ta ce a garin Opole an tono irinsu na ƙarni na 10, ƙarnin da sarkinsu Mieszko ya karɓi Kiristanci, a 966. Al'adar da ta haura shekara 1,000, ga ta a tukunya da sharar teburina!

Ranar Asabar ta shimfiɗa farin ƙyalle a kwando, ta jera ƙwai, burodi, gishiri da nama, za ta kai coci fada ya sa albarka. A Folan har ɗan rago suke sassaƙawa da man shanu. Ta ce shekararta ta farko a nan, kafin ta isa coci ragon ya narke, shi ya sa ta koma na fulawa.

Lahadi da safe ta zuba min miyarsu, żurek. Ina kurɓa na ce, "Mama, ai wannan tsamin gasarar kokonmu ne!" Gari ne ake jiƙawa kwana da kwanaki. Naman kuma na shanu ta saka, saboda ni. Amma kafin kowa ya taɓa kwano, sai da ta yanka ƙwai, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗauki yanki ana yi wa juna fatan alheri, yadda mahaifiyarta ke yi. Muryarta na rawa. Na tuna safiyar Sallah a Zango, muna ta "a yafe mu".

Litinin na je mayar mata da kwanonta, ina sallama jikokin suka sheƙa min ruwa tun daga ɗankwali har silifas! Śmigus-dyngus ke nan, ranar jiƙa juna. A Tamalen da famfo ke kwana da kwanaki ba ɗigo, bokiti guda Mama ta ware musu, ni ce na sha rabinsa.

Yanzu akwai buhu ƙarƙashin teburina. Mai tumatir ta tambaye ni me nake tarawa, na ce ajiyar Mama ce, sai baɗi.