Rawar Sitiyari da Tambayoyin Baba Direba

Motar ikilisiya ta kowa ce. Da kuɗin baiko ake sayenta, da geron da zumuntar mata suka tara bayan kaka, saboda haka in ta yi ciwo kowa yana da maganin da zai faɗa. Haka ya faru da a-kori-kurar wata ikilisiya a ƙasar Madawa. Babban aikin motar nan shi ne kai marasa lafiya asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Maradi zuwa Birnin Ƙonni.

Bayan damina motar ta soma wani hali. Da an taka birki tana cikin gudu, sai sitiyari ya kama rawa kamar mai masassara. Ran Lahadi bayan sujada dattawa suka zauna a kan maganar. Ma'aji ya ce tayoyi sun tsufa, a sayi sababbi huɗu. Wani ya ce inji ne ya gaji. Wani saurayi da ya taɓa zaman gareji ya ce a canja sitiyarin ɗungum. Kuɗin da ke asusu kuwa na rufin majami'a ne, in an taɓa shi, baɗi a cikin ruwa za a yi sujada.

Direban motar dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Ya yi shekaru yana jan babbar mota da lodin albasar Galmi zuwa biranen bakin teku kafin ya dawo gida. Ya saurari kowa, sa'an nan ya ce, "Fasto, a yi mini haƙuri, kada a sayi ko noti ɗaya tukuna. Mota takan faɗi ciwonta in an tambaye ta a hankali. Amma daga yau ba zan ɗauki mai ciwo a cikinta da dare ba sai an gyara, gama amalanke ba ta da fitila, jaki kuma ba ya jin ham."

Kashegari ya ɗauki saurayin nan suka hau kwalta. Tambayarsa ta fari ita ce, yaushe rawar take zuwa? Ya ƙara wuta har kilomita 90 a awa bai taɓa birki ba, sitiyari yana kwance lafiya. Ya ce, "Ka gani, ɗana? Da nauyin taya ne bai daidaita ba, ko ƙarfenta ya lanƙwashe, da yanzu tana rawa tun ban taka kome ba. Tayoyin ma'aji sun fita daga zargi." Ya taka birki sannu a hankali, nan da nan rawa ta taso, tana raguwa yadda gudu yake raguwa.

Tambaya ta biyu, a ina ake jinta? Irin wannan mota birkinta iri biyu ne. A ƙafafun gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, takalman birki biyu suna matse shi ta kowane gefe. A baya kuwa ƙarfen kamar kwano yake, takalman suna tura shi daga ciki. Sitiyari da ƙafafun gaba yake haɗe, kuma su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin tsayawa. In ciwon na baya ne, a kujera da jikin mota aka fi jinsa. Baba ya rage gudu ƙwarai a inda ba kowa, ya ɗan ja birkin hannu, wanda ƙafafun baya kaɗai yake kamawa. Motar ba ta yi motsi ba. Ciwon yana gaba ke nan.

Tambaya ta uku, wace ƙafa ce, me kuma ya jawo? Suka tsaya a gefen hanya. Baba ya kai bayan hannunsa kusa da ƙarfen kowace ƙafa ba tare da ya taɓa ba. Ta dama da ɗumi kaɗan, ta hagu kuwa kamar tanda, har da ƙauri. Ya ce, "Wannan ba ta sakin birki ko na ɗaga ƙafata."

A gareji bakanike ya ɗaga motar da jak. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya kama ta dama da hagu ya sake girgizawa, domin in boris ya ci, ko gaɓoɓin sandar da ta haɗa sitiyari da ƙafa sun saki, su ma sukan kawo rawa ko su ƙara mata ƙarfi. Duka lafiya. Da aka kwance tayar hagu, sai ga robar da ke rufe ƙusar da birki yake zamewa a kanta ta yage. Ruwan korama da laka sun shiga, tsatsa ta kama ta, takalmin ya manne wa faifan yana gogarsa dare da rana. Zafi ya sa fuskar faifan ta yi shuɗi-shuɗi, kaurinsa ya daina zama ɗaya. Kowane juyi, wurin da ya fi kauri yakan ture takalman, wannan turin ne yake hawowa har hannun direba. Saurayin ya duba ya ce shi bai ga karkata ba. Bakanike ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ido ba mudu ba ne a nan. Bambancin da bai kai kaurin gashin kanka ba ya isa, sai da ma'auni."

A jikin kowane faifai an buga lambar kaurin da ba a yarda ya gaza ba. Na motar nan suna da sauran nama, sai aka kai su biyun wurin mai injin gyaran ƙarfe ya daidaita fuskarsu. Da sun riga sun siranta, da sai sababbi, su ma biyu tare, don kada mota ta riƙa fizga gefe guda. Aka wanke ƙusar, aka sa mata man giris da sabuwar roba, aka sa sababbin takalma dama da hagu. Baba ya tsaya a kansu har aka kankare tsatsa da yashi daga inda faifan yake zama, gama ƙwayar yashi ɗaya takan sa shi ya zauna a karkace. Ya hana yara su ɗaure noti da tsalle a kan sifana, ya ce a ɗaure su a gicciye, da ƙarfi ɗaya. Ya kuma gargaɗi saurayin cewa a gangara da giya ake riƙe mota, ba a ɗora ƙafa a kan birki har ya ƙone. Sababbin motoci masu ABS kuwa, in birkinsu ya buga ƙafa sa'ad da aka taka da ƙarfi a kan santsi, aikinsa ke nan, ba ciwo ba ne.

Abin da aka kashe bai kai kuɗin taya biyu ba, kwanon rufin majami'a kuma aka saye shi kafin ruwan fari. Da an bi shawarar farko, da an sa tayoyi huɗu a kan birki mai ciwo, kuɗi ya tafi, haɗari yana nan.

'Yan'uwa, kayan Ubangiji amana ne a hannunmu, haka kuma ran mai naƙudar da aka kwantar a bayan mota. Mai riƙon amana yakan tambaya kafin ya buɗe asusu: yaushe, a ina, me ya jawo? Tambayoyin nan suna da amfani kuma sa'ad da aka kawo ƙarar ɗan'uwa gaban dattawa, gama inda aka ji rawa sau da yawa yana nesa da inda ciwo yake. Allah ya ba masu hidimarmu haƙurin bincike, ya kiyaye masu tafiya a kan hanya. Amin.