Tsugunon Autanmu

Daga gidanmu a Maska zuwa gonar audugar Baba ba wani nisa ba ne, amma autanmu sai ya tsuguna sau uku, sau huɗu kafin mu isa, gwiwoyi manne da ƙirji, yana haki. Da ni ake haɗa shi, don haka ni nake daka masa tsawa: "Tashi, malalaci, rana na yi!" Leɓunansa kullum kamar wanda ya sha ɗinya, kawunan yatsunsa sun yi ɓul-ɓul. Inna ta ce iska ce. An sha rubutu, an yi turare, wanzami ya cire masa beli.

Lokacin muna cikin jihar Kaduna, don sai 1987 aka ƙirƙiro Katsina. Da abin ya yi tsanani aka kai shi Malumfashi a bayan akori-kura. Likita ya ɗora masa abin saurare a ƙirji, ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce a tafi Zariya. Baba ya ce to, bari a sayar da auduga. Ba a kai ga awo ba. Wata asuba ta hunturu ya cika, yana ɗan shekara shida.

Shekaru suka ja, na zama mai ɗaukar hoton zuciyar yara, eko kamar yadda muke ce masa a asibiti. Ɗaki ne mai duhu, ka shafa wa yaro man nan mai sanyi a ƙirji, ka ɗora kan na'ura, zuciya ta bayyana a allo tana motsi, jini ja da shuɗi. Ina cikin watannin farko na koyo aka kawo wani yaro daga ƙauye. Kafin a kira shi, sai ya zame daga benci ya tsuguna. Tsigar jikina ta tashi.

Malamina ya nuna mini a allo: ga huda tsakanin ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, ga hanyar jini zuwa huhu ta tsuke. Ciwon Fallot, sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1888. Ya ce in yaro ya tsuguna, jijiyoyin ƙafa suna matsewa, jini ya ƙara turuwa zuwa huhu, ya samu sa'ida. Ashe magani autanmu yake yi wa kansa, ni kuwa ina fizgar hannunsa. Na ce zan je alwala. A bayan ɗakin janareta na tsaya na yi kukana.

Abin da ya fi cin raina daga baya shi ne lissafin shekaru. Tun 1944 aka yi wa irin waɗannan yara aikin farko a Baltimo ta Amurka. A Inugu an buɗe zuciya an gyara tun 1974, ba a ma haife shi ba.

Yanzu an ba ni kula da sashe, na fi riƙe biro a kan na'ura: kuɗin dizal, jadawalin ma'aikata, allurar fenisilin ta wata-wata ga yaran da ciwon maƙogwaro ya lalata wa ƙofofin zuciya. Da kuma littafin masu jiran tiyata, wasu Indiya, wasu cibiyar Salam ta Hartum da ke yi kyauta tun 2007. Ganin ciwo muka iya. Sunayen da na ja wa layi don an dace ba su kai waɗanda na ja wa don an yi rashi ba.

Doka ɗaya na kafa da ba ta cikin kowace takarda. Ran da na ji wani mai gadi yana cewa, "Hajiya, ɗaga yaron nan, ya tare hanya," na tara kowa na ce duk yaron da ya tsuguna a barandar nan a kewaye shi.

Inna tana nan a Maska, ta tsufa. In zancensa ya taso, har yanzu iska take cewa. Ban gaya mata ba.